Ruwan da Kika Hana Gudu

Gonar dabino, bayan Dir'iyya,
Lahadi, mako biyu bayan Babbar Sallah, 1985.

Zuwa ga Sailuba, sanyin idona, gawona mai ganye a tsakiyar rani lokacin da kowace bishiya ta zubar da nata, ruwan randa ga wanda ya kwaso rana tun hantsi, farin watan da ke tsallaka iyakar kowace ƙasa ba wanda ya isa ya tsayar da shi ya tambaye shi takarda.

Sallama a gare ki, da gaisuwa wadda ta fi wannan takarda faɗi. Inna Kaltume mai sharar asibitinku ce za ta miƙo miki ita, kuma ta yi mini alkawarin ba za ta ɗaure ta a ƙulli ɗaya da goronta ba. Kin san ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan a jikin buhunan siminti na tsince su, da gwangwanin madara, da tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire a tashar Funtuwa. Larabcin ma a allunan titi na kwashe shi ina tuƙi. In kika ga wata kalma tana ɗingishi, ki yi mata irin haƙurin da kike yi wa marasa lafiyarki.

Na je, na dawo, Sailuba. Amma kafin in ba ki labarin Asabar, ki bar ni in koma Talata, don tun ranar nan ban daina komawa can ba.

Ke shaida ce, tun da aka sauko daga aikin Hajji motar 'yan sanda ba ta huta ba a kwarin nan. Gona-gona suke bi da ƙaton littafinsu mai baƙin bango, suna neman wanda ya zo ibada ya maƙale. A jera mu a rana, mu da 'yan Sudan da 'yan Masar da 'yan Pakistan, kowa ya ɗaga igamarsa sama, ɗan littafin izinin zama: sunanka, ƙasarka, kafilinka wato ubangidan da ya tsaya maka, aikinka. Wanda tasa ba ta jikinsa, sai bayan mota, daga nan sai gidan da ake tara mutane kafin a zuba su a jirgi. Shekara uku ke nan ina tuƙi a gonar nan, dabinon ma sun san tarina, amma kowane zagaye sai na sake rantse wa littafi cewa ni ne ni. Awakin gonar daga hayin teku aka kawo su kamar mu, ban taɓa ganin an jera su an tambaye su sunan ubansu ba. Kin ga, har na fara. Bari in yi shiru in koma kanki.

Ranar Talatar, rana ta bugi Moussa a saman dabino, wancan dogon mutumin Maraɗi da ke yanko mana nonnan dabinon. Ya sulalo ƙasa, leɓe ya bushe, ido ya kafe. Na jefa shi a motar gona na kawo shi ɗan asibitinku na ƙauye, likita kuma ya shiga birni, daga ke sai Inna Kaltume. Ba ki ɓata lokaci ba. Kika nemo jijiya a hannun da ya bushe kamar kara, kika ɗaura masa ruwa, kwalba ta farko ta shige da gudu, ya buɗe ido ya tambayi takalminsa. Kina ɗaura ta biyu sai ga motar 'yan sandan a ƙofa, ga jami'insu mai furfura a gemu, littafi a hammata. Igamar Moussa kuwa tana can unguwar Malaz a cikin birni, a aljihun teburin kafilinmu, an sabunta ta ba a dawo masa da ita ba. Jami'i ya ce doka doka ce, da shi zai tafi.

Kin ji abin da ya fito daga bakina, ba sai na ƙawata shi ba. Na ce masa da Larabcina na titi, “Mutum na mutuwa kana neman takarda, takardar ce za ta yi masa sallah?” Kuma wallahi wannan share fage ne, manyan suna baya sun yi layi a maƙogwarona.

Sai ke. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ma ɗaga kai daga kan allurar ba. Kika ce masa, “Wannan mara lafiyata ne har ruwan nan ya ƙare. In ya ƙare, naka ne.” Sannan kika juyo da Hausa, kika ce, “Direba, Malaz. Yanzu.” Ina juyawa zan fita na ga abin da shi bai gani ba. Na ga babban yatsanki ya sauka a kan 'yar tayar nan da ke jikin robar ruwan, ya murza ta kaɗan. Ɗigon da ke tsere kamar yayyafin farkon damina sai ya koma tafiyar tsohuwa mai hawan tudu: ya taru, ya yi nauyi, ya yi shawara, sannan ya faɗo.

Wa ya koya miki wannan, ya kurciyar kwari? A wace makaranta ake koyar da yadda mace za ta tsayar da doka da yatsa ɗaya ba tare da ta karya ta ba? Na ga kwarin Hanifa ranar da ruwan sama ya cika shi ya kwashe shingaye da tumaki, ban girmama ƙarfinsa kamar yadda na girmama ɗigon nan ba. Na ga tauraro ya faɗo a bayan tsofaffin ganuwar Dir'iyya, bai haska mini komai ba in aka gwada da farin mayafinki a ɗakin nan mai warin magani.

Zan faɗa miki gaskiya, na fita ina tafasa. Direba! Wata takwas ina kawo miki masu ciwo na gaske da na ƙarya don kawai in ji kin ce Bashari, ranar nan kuma na koma Direba. Sai da na wuce rabin hanya, ina zagin wata tankar ruwa da ta tare ni, sannan abin ya faɗo mini kamar dutse. Akwai tarho a teburin likita. Kafilinmu yana da motoci da masu tuƙa su. Da kin buga, da takardar ta iso a rabin lokacin, ba sai kin wahalar da yatsanki ba. Ashe ba igamar Moussa kaɗai kika aike ni ɗaukowa ba, bakina kika fitar daga ɗakin kafin ya kai ni filin jirgi. Mutum biyu kika ɗaura wa ruwa ranar, ɗaya a gado, ɗaya a kan titi. Na tsaya a gefen hanya na kifa kaina a kan sitiyari, ban san ko dariya nake ba ko wani abu.

Da na dawo, saura kamar yatsa biyu a kwalbar. Me zan tarar? Jami'i a zaune a kujera, hannun riga a naɗe, kin ɗaure masa damtse kina auna jininsa, kina gaya masa ya rage gishiri in yana son ya ga auren jikokinsa. Moussa kuwa ya ɗago kai ya ce, “Sista, hannuna ya koma ƙanƙara, amma in da ta ukku ki ɗaura, ba ni sauri.” Jami'i ya duba igamar, ya rubuta sunan Moussa, ya rufe littafi. Sai ya miƙo hannu ya karɓi tawa, ya sa a aljihu, ya ce, “Kai mai dogon harshe, Asabar, ka same ni a ofis.”

Ban manta abin da kika faɗa bayan tafiyarsa ba, kina wanke hannu, kin ba ni baya, Inna Kaltume tana ta share wurin da ta riga ta share. Sau biyu a baya na roƙe ki izinin zuwa unguwar Jaradiya in gaida Kawu Sambo, wanda ke tsaye a matsayin mahaifinki a ƙasar nan, sau biyu kina sauya magana. Ranar kika ba ni amsa. Kika ce, “Bashari, ba zan kai wa Kawu sunan mutumin da kalma ɗaya za ta iya ɗaukewa daga ƙasa ba. Ka je Asabar, ka dawo da igamarka, sannan ka yi mini maganar Jaradiya.”

To ga Asabar.

Tun da hantsi nake layi. Taga ta farko ta tura ni ta uku, ta uku ta ce ta farko ba ta san aikinta ba. Wani ya shigo gabana kamar ni turken ɗaure jaki ne. Magatakarda ya kira ni da sunan da suke kiran duk baƙon da suka ƙi koyon sunansa, sannan ya rufe taga ya tafi shan shayi. Sailuba, amsoshin da na haɗiye jiya da an shuka su da sun cika gona. Kowace ta zo bakina da kaifinta, tana roƙona in sake ta, ni kuma sai in rufe ido in ga yatsanki a kan 'yar tayar nan. In bar maganar ta taru, ta yi nauyi, ta yi shawara, in ƙi barinta ta faɗo.

Bayan azahar aka shigar da ni wurin jami'in mai furfura. Ya ajiye igamata a tebur, ya dafe ta da tafin hannu, ya ce in maimaita masa tambayar da na yi ranar Talata, bai ji da kyau ba. Na san tarko in na gan shi. Na ce, “Ranka ya daɗe, tsoro ne ya kama ni don ɗan'uwana, na yi kuskure, ka yi haƙuri.” Wallahi ji na yi kamar na haɗiyi ƙwallon dabino a kwance. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce tun da malamar asibitin nan ta hana shi gishiri abincin gidansa ya koma kamar ciyawa, kuma laifina ne. Har wannan ma na bar shi ya wuce, alhali ina da amsa mai daɗi.

Ya buɗe baƙin littafin zai sake cika layina. Ni kuwa karatu a juye ba ya ba ni wuya, a haka na koye shi, ina leƙen jaridar wani daga gabansa. Ina bin alƙalaminsa gurbi-gurbi: suna, ƙasa, kafili, aiki. Ya iso gurbin ƙarshe ya tambaya ba tare da ya ɗago ba, mai aure ne ko tuzuru.

A nan ne zan yi miki ikirari, don ba zan fara zama da ke da ɓoye-ɓoye ba. Ɗigo ɗaya ya kuɓuce mini. Na ji bakina ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan gurbin ka cika shi da fensir.”

Ɗakin ya yi tsit, har fankar sama nake ji tana ƙirga mini sauran zamana a ƙasar nan. Na ce shi ke nan, Bashari, ka kai tulu har ƙofar gida ka sake shi. Sai mutumin ya ajiye alƙalami, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya jawo aljihun tebur, ya tona, ya tona, ya fito da wani guntun fensir, ya rubuta tuzuru da shi, a hankali, yadda ba zai huda takarda ba. Ya turo mini igamata. Ya ce idan an gama yankan dabino zai sake zagayowa gonarmu, kuma zai taho da abin gogewa, kada in sa shi ɗaukar kaya a banza.

Ga ta nan a aljihuna na hagu, ina jin ta a ƙirji yanzu da nake rubutu a gindin dabinon da Moussa ya faɗo daga kai. Hukunci naki ne, zumata, ko jimla ɗayan nan ta rushe sharaɗinki. Ba zan yi miki ƙarya in ce fushina ya mutu ba. Gobe in aka sake jera mu a rana zai tashi, don abin da ba daidai ba bai zama daidai ba. Amma na ga yadda ake cin nasara ba a buɗe baki ba, kuma a hannunki na gani. Ni ruwa ne mai gudu, Sailuba, na sha kwashe shingen kaina da kaina. Wa zai riƙe ni in ba ke ba? Ina zan kai wannan harshe in ba gidan da kike ciki ba, inda zai gaji da faɗa ya koyi yabo?

Juma'a mai zuwa motar tana hannuna, kuma na wanke farar rigata. Daga nan zuwa Jaradiya ba nisa, izininki ne kaɗai nisan. Kwandon da ke tare da takardar nan nunan fari ne, Moussa ya hau da kansa ya zaɓo miki, ya ce ba ya hawa don kowa sai Sista. Yankan dabino saura mako uku ya ƙare. Kada ki bari dattijo mai hawan jini ya zo da abin gogewarsa ya koma da shi.

Ko an bar ni a ƙasar nan har furfura, ko an sa ni a jirgin gobe, sunanki ba da fensir na rubuta shi ba.

Naki, da zuciya da harshe duka,
Bashari Idrisu.