Bangon Lissafi

Daren Talata, Jega

Na kasa barci. Sau uku ina tashi shan ruwa, har Inna ta tambaya ko sauro ne.

Yau Malama Hadiza ta koya mana sassan littafi. Tana neman wanda za ta yi misali da shi, sai hannunta ya sauka kan teburina. Ba ta san bangon tsohon littafin lissafi na liƙa wa littafin soyayyar da Rukayya ta ara mini ba, don kada Baba ya gane.

"Wanga shi ne bango," in ji ta. Ta buɗe. "Ga sadaukarwa, ga godiya, ga ƙumshiya, inda aka jera babi-babi." Sai ta shiga bin layukan da ido. Ni dai takalmina nake kallo, gumi na keto mini, Rukayya na mintsinina.

Ba ta tona ni ba. Ta rufe ta ce, "Safiya, lissahin ga naki ya yi nisa. Ki iske ni ofis gobe." Ta jefa shi jaka.

Kullum sai ta tsaya rumfar albasar Baba sun gaisa. In ta faɗa mishi, ni da littafin labari har abada. Na tsara yadda zan ba ta haƙuri ya fi sau goma, amma kowane sai ya ƙare da roƙon ta bar ni in karanta babin ƙarshe tukuna. Shafi goma sha ɗaya kaɗai suka rage mini, wallahi.