Dakan Umma a Faifan Mutanen Sabiya

Bani Malik, Jidda

Zuwa ga Yaya Sajida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Rafi'u da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau. Iƙamata, takardar izinin zama, ta fito, 'yata Najwa kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a tsaye a ɗaki.

Injiniyan da nake tuƙawa, Milosh, mutumin ƙasar Sabiya ne ta Turai, kuma a garinsu yana kaɗa jita tare da abokansa. Kiɗan nasu, Yaya, kamar an saki kwanuka daga bene. A garejin mota suka fara shi, da gangan suke barinsa da kaushinsa. Da farko ciwon kai yake sa ni, yanzu ni ke ƙara sauti. Rannan a hanyar aiki na kunna ɗaukar da na yi a gidanmu na Karantina kafin a rushe shi, inda Umma, Allah ya jiƙanta, take daka tana waƙa. Ya sa na tsaya a gefen titi ya saurara. Ya ce suna haɗa sabon faifai a situdiyo, yana roƙon a bar su su buɗe shi da dakan nan, gangunansu su bi bayan taɓaryarta. Na ce masa akwai babba a gabana, sai abin da kika ce.

Na san za ki ce yaya za a jefa muryar uwarmu cikin hayaniyar Turawa. Na yi wannan tunanin. Amma gidan babu, unguwar babu, abin da ya rage yana cikin wayar da gobe za ta iya faɗawa ruwa. Ni dai na yarda, raina bai yi ɗar ba. Na ji gwajin da suka yi: ba su taɓa muryarta ba, sai da ta sauke numfashi suka shigo. Wallahi kuka na yi.

Na tura gwajin a wayar ɗanki Hamad. In kin ce a'a, halas, shi ke nan, Milosh ya yi alkawarin cirewa. Amma ki saurara da kyau kafin ki yanke. Taɓarya biyu ce a ciki, kuma wadda ke kuskure Umma tana mata dariya, taki ce.

Ki gai da Malam Rafi'u, da Hamad, da Sadiyya, da Afnan.

Ƙaninki,
Zaharadden