Hamsin da Tara a Kan Sikeli Huɗu

Kuniyamutur, Koyambatur
9 ga Agusta

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Akka Jailani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Maccan da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Mu nan sai godiyar Allah.

Zaren kamun kifin da kika aiko ya iso. Maigidan ya ce in gode miki, wai duk garin nan babu zaren da ke miƙewa sak kamar na garinku Nagur. Da shi yake kewaye motar tseren 'yarmu Taslima yana duba ko tayoyin na fuskantar gaba tare ko wata ta karkace. Kin yi ƙorafin ban kira ki ba. Akka, wayarki sai da ihu, abin da nake so in faɗa kuwa ba na ihu ba ne.

Kin san motar tseren nan kujera ɗaya gare ta, tayoyi a waje tsirara, kuma ba a daidaita ta sai da nauyin direba a ciki. Taslima na Madras wurin karatu, ba ta zuwa sai ana gobe tsere. To Allah ya yi ni da burkata, dogon hijabin nan nawa, nauyinmu ɗaya da ita da hular kwanonta da kayan tserenta, kilo hamsin da tara. Maigidan ya taɓa gwada buhun yashi, ya ce yashi ba shi da ƙafafu. Shekara biyu ke nan ni ce Taslima a gareji. Da can sai tsere ya gabato yake kirana, amma tun watan Yuni ya mayar da abin duk Laraba bayan La'asar, wai sababbin sifirin ne suke kwanciya.

Sai ya cire sitiyari, in zame ciki kamar wuƙa a kube, ya mayar ya kulle. Daga nan ba fita sai ya ga dama. Kowace taya tana kan sikelinta. Ya danna motar ta yi ƙasa ta yi sama, ya karanta, ya sa sifana ya juya zoben sifirin rabin juyi, ya sake dannawa. So yake tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama su yi daidai da sauran biyun, in ba haka ba, ranar da yarinyar ta taka birki, ɗaya ce za ta riga cijewa. Ni dai hannu a sitiyari, ƙafa a kan birki, ina tasbihi a zuci. Palanisami mai walda, maƙwabcinmu, ba ya wucewa bai leƙo ba. "Anni, matar yaya, yau ma ke ce ta ɗaya! Awa guda ban ga wanda ya wuce ki ba." Maigidan ya ce, "Kada ka ba ta dariya, kana girgiza mini lissafi."

Ga maganar. Wata uku ke nan loma tana tsaya mini a ƙirji. Awarwarona sun fara gangarowa har gwiwar hannu. Kin tuna yadda cutar Umma ta fara, ba sai na rubuta ba. Maigidan ya taɓa cewa mu je likita, na ce zafi ne da azumin nafila. Ya dube ni, ya koma kan aikinsa. Kin san shi, ba ya maimaita magana.

Na hau tsohon sikelin ɗakin ajiya, na ga hamsin da bakwai. Sai na ɗinka ɗamara da tsohon zane, na ɗura shinkafa kilo biyu, nake ɗaurawa a ƙarƙashin burka. Tsere uku ya rage, Taslima ce ta biyu a gasar. In ta ji, za ta watsar da tseren da karatun gaba ɗaya, na san abin da na haifa. Kuma ni ma, gaskiya, tsoron ƙofar asibitin nan nake. Bari Nuwamba ta wuce.

Amma ki ba ni amsa, ke da kika fi ni riƙe karatu. Abin da Malama Hajar ta koya mana a kan masu tauye awo, har ta sa mu kuka, ya shafe ni? Ni ba ragewa nake ba, cikawa nake.

Ki ƙona takardar nan in kin gama.

Ƙanwarki,
Sabura

Kuniyamutur
17 ga Satumba

Akka Jailani,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida Maccan. Na ji daɗi da kika ce man shafawar ya yi wa gwiwar amfani.

Amsarki ta zo, kuma na karɓi faɗan. Kin ce mai cika awo da abin da ba nasa ba shi da mai tauyewa gidansu ɗaya. Na sani. Kin ce za ki rubuta wa maigidan. Don girman Allah, don darajar nonon da muka sha, kada ki yi. Wata biyu kawai nake roƙo.

Shinkafar ta kai kilo huɗu. Ɗamarar ta yi kauri har kujerar ba ta karɓar ƙari, sai na riƙe numfashi nake shiga. Makon jiya na ga hamsin da biyu, na rasa abin yi, sai idona ya kai kan ɗan dutsen niƙan da Umma ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Kilo uku ne ba kaɗan. Na naɗe shi da tsumma, nake kwantar da shi a gefen cinyata ta hagu. Yanzu a injin nake niƙa kwakwa, maigidan ya ce miyar ta canja, na ce ƙila kwakwar ce. Wannan ma ƙarya ce, kin ga yadda suke haihuwa.

Akka, cikin motar nan ya fara yi mini kama da wani wuri. Kafaɗa a matse, ƙafafu a miƙe, ba juyi, sama kawai kake gani, wasu na tsaye a kanka suna karanta abin da ka zo da shi. Ina zaune sai in ji gumi har tafin ƙafa. Larabar da ta wuce na ce, "Ku ji mana, da sauran aiki?" Ya ce saura kaɗan. Ya daɗe durƙushe a gaban sikelin hagu, ba ya juya komai, ba ya rubuta komai. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Sai ya tashi ya cire sitiyarin, ya ce in je in huta.

Jiya Taslima ta kira. Ta ji za mu bikin 'yar kawunta, ta ce, "Umma, biriyani faranti ɗaya kawai! Kada ki yi ƙiba ki ɓata mini mota." Na yi mata dariyar da take so.

Ki sa ni a addu'a bayan Asuba.

Taki,
Sabura

Kuniyamutur
13 ga Oktoba

Akka,

Sallama da gaisuwa. Ki fara da cewa alhamdu lillahi: Taslima tana da rai, tana tafiya da ƙafarta.

Jiya aka yi tseren. Ina cikin rumfar 'yan kallo, ni da matar Palanisami. A zagaye na shida, daidai kwanar da ke bayan doguwar miƙaƙƙiyar hanya, na ga hayaƙi ya tashi daga tayarta, motar ta juya sau biyu, ta faɗa cikin tarin tayoyin da ke bakin hanya. Ban ji ƙarar ba. Na dai ga tayar gaba ta kwanta kamar karyayyar ƙafar akuya. Sai da ta ɗaga hannu sannan numfashina ya dawo.

Wuyan hannunta ya kumbura, likitan filin ya ce targaɗe ne. Ita ko a jikinta, faɗa take yi da ubanta tun kafin ta cire hula. "Wappa, ta hagu ce ta cije! Ina taɓa birki ta hagu ta kama!"

Ta hagu, Akka. Gefen dutsen.

Na yi sallar Magariba sau biyu don ban san raka'a nawa na yi ba. Na ɓoye abu don kada yarinyar ta rasa tsere, ga shi saura ƙiris in rasa yarinyar. Da na kai ta tashar jirgi ta rungume ni, ta ce, "Umma, kin zama kamar tsuntsu a cikin burkar nan." Na ce ɗinkin ne ya yi mini yawa.

Maigidan ya kwance ƙafar motar, yana jiran sabon ƙarfe. Ya ce Laraba in shirya. Ban san da wane baki zan shiga ba, kuma ban san da wane baki zan ƙi ba.

Sabura

Kuniyamutur
16 ga Oktoba

Yayata Akka Jailani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da Maccan da yara. Wannan takardar kada ki ƙona ta.

Jiya na shiga da kayana duka, shinkafa da dutse. Ya kulle sitiyari, ya durƙusa zai karanta. Na ce, "Ku dakata. Kada ku rubuta." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta. Na faɗa masa komai, idona a kan sitiyari: lomar da ke tsayawa, ɗamara, dutsen Umma. Na ce ni na karkatar da motar, ni na jefa 'yarmu cikin tayoyi. Na so in ciro dutsen in nuna masa, wurin bai ba ni damar ko sunkuyawa ba.

Ya jawo kujerar katako ya zauna daidai kaina, ya buɗe littafin awonsa ta baya. Akka, akwai shafin da ban taɓa gani ba. Babu taya a ciki, babu sifirin. Sunana ne a sama, sai ranakun Laraba a jere. Hamsin da tara. Hamsin da takwas da rabi. Hamsin da takwas. Hamsin da bakwai. Daga nan sai hamsin da tara, hamsin da tara, hamsin da tara, har ƙasan shafi.

Ya ce, "Sabura, shekara talatin ina auna motoci. Mai rai ba ya zama hamsin da tara cif mako bayan mako. Ko shayi ya sha sai ya nuna." Ya buɗe wata 'yar takarda a naɗe, ƙwayar shinkafa uku ce a ciki. A kujera ya tsince su tun Agusta.

Na ce to motar fa? Ya ce dutsena bai isa ya karkatar da ko keken yara ba, rabin kilo ya ƙara wa hagu, kuma ya cire shi a lissafi tun ranar farko. Mai ne motar gaba ta zubar a bakin kwanar, tayar hagu ta hau kai, mutum uku suka zame a wurin bayan Taslima. Na ce sababbin sifirin da ke kwanciya fa? Ya sunkuyar da kai. Wai sifirin sun gama kwanciya tun makon farko. Motar ba ta buƙatar awo sai tsere ya zo. Duk Larabar nan ni yake aunawa.

"Kin ƙi likita, kin ƙi magana. Sikeli huɗun nan su kaɗai suka rage mini da zan gan ki. Ranar da kika ɗaura shinkafar, ranar kika rufe mini ido."

Na ce me ya hana ku magana? Ya ce ya tambaya sau ɗaya na ce zafi ne. In ya sake, wata ƙaryar zai sa ni yi, kuma ya san ba na iya barci da ita. Ya ce ƙila ya yi kuskure da ya jira. Na ce kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Wata huɗu muna gareji ɗaya, ni a ɗaure a ciki, shi a ɗaure a waje, kowa yana tsare ɗan'uwansa.

Palanisami ya leƙo da zolayarsa a baki, ya ga fuskokinmu, ya haɗiye ta, ya ja mana ƙofa.

Ya cire sitiyarin, ya ba ni hannu. Na koma bayan labule na kwance ɗamarar, na ajiye dutsen. Sannan ni da kaina na ce ya mayar da ni. Na shiga ba tare da riƙe numfashi ba, wurin har ya yi mini fili. Ya karanta huɗun, ya haɗa, ya cire nauyin mota. Hamsin da ɗaya. Sai da ya goge tabarau sau biyu kafin ya iya rubutawa.

Mun kira Taslima tare. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce an gama tsere. Na ce mata a'a, za ta yi na Nuwamba in hannun ya warke, amma daga yau ita za ta riƙa zuwa ta zauna a kujerarta, ni na yi murabus. Ta ce, "Dama ba ki iya shan kwana ba, Umma," tana jan hanci.

Litinin da safe za mu asibiti. Za su zura wata na'ura ta maƙogwaro su duba. Ban san abin da za su gani ba, kuma tsoron bai tafi ba, ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba. Shinkafar na wanke na dafa, na raba wa maƙwabta. Dutsen na mayar kan uwarsa, yau da shi na niƙa kwakwa, ko da yake sau uku na huta.

Ki zo, Akka. Ke kika riƙe hannun Umma a ƙofar asibiti, ni na tsaya a waje don na kasa. Ki hau motar Lahadi, maigidan zai jira ki a tasha. Kada ki ɗauko komai, zaren ma yana nan da saura.

Ƙanwarki mai neman gafararki,
Sabura Bibi