Na faɗi asalin kakata a kan dandamali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan abinci ba ya min daɗi.

Ni nas ce a wani asibiti a Largo a nan Amurka, muna zaune a Lanham da Innarmu da ƙanwata Nafisa. Bayan aiki ina rubuta labaran almara da Turanci, irin na aljanu da dodanni, da sunan aro. A gida ba wanda ya taɓa karantawa, Inna ma cewa take wannan aikin marasa aikin yi ne. To labarina guda ya shiga takarar kyauta a babban taron marubuta almara da aka yi a wani otal cikin Washington, na ce wa Inna taron wajen aiki ne, na tafi.

Kwana biyu ina yawo cikin mutane, wani da kunnen roba, wani da takobin kwali, dattijo da gemunsa ya yi shigar maye yana cin sanwici. Ni da lafayata sai tambayata ake wace jaruma nake kwaikwayo. Dariya na sha, wallahi ban sa rai da komai ba. Ranar Asabar wajen raba kyaututtuka sai na ji an kira ni. Na hau dandamali, ban shirya jawabi ba, bakina ya kufce. Na ce labarin nan na kakata ne, 'yar bori ce a Maraɗi, a bayanta na ji kirarin iskokin da na rubuta. Har sunanta na faɗa. Aka tashi tsaye ana tafi, ni ina kuka.

Ga inda matsalar take. Inna ta fi shekara ashirin tana ɓoye wannan magana, ko Nafisa da aka haifa a nan ba ta sani ba. Kuma yanzu haka gidan wani babban malami a Springfield na neman wa ɗansu auren Nafisa, suna son juna sosai, ana kan binciken asali. Da aka tambayi Inna cewa ta yi mahaifiyarta sana'ar ƙuli-ƙuli ta yi har ta rasu. Gaskiya ne, amma rabi.

Ina saukowa wata yarinya da fukafukan roba a baya ta rungume ni, ashe Zainab ce, ƙanwar yaron. Ta ɗauki bidiyon jawabin gaba ɗaya, tana ta murna da Turanci wai sai ta nuna wa Babansu surukansu manyan mutane ne. Yarinyar nan ba ta san mene ne bori a kunnen mahaifinta ba. Na roƙe ta ta dakata, ta yarda, amma masu taron ma za su saka nasu bidiyon mako mai zuwa, ga fuskata ƙarara.

Na gwada latsa Inna, na ce ya za a yi in wani ya tono zancen Kaka. Ta ajiye cokali ta ce duk wanda ya tono ba ta yafe ba. Nafisa kuwa sai turo min hotunan atamfa take.

Ƙawata ta ce abu mai sauƙi, in bidiyon ya fito in ce ƙirƙira na yi don in burge Turawa, ai sana'ata ce, kowa zai yarda. Na san za a yarda. Amma Kakar nan tawa ita ta goya ni har na yi shekara bakwai, ban taɓa ganin ta cuci kowa ba, kuma karo na farko ke nan da aka ambaci sunanta a fili tun rasuwarta.

In faɗa wa Inna kafin ta gani a waya? In fara da Nafisa? Ko in je gaban malam in ƙaryata kakata don auren ƙanwata ya tsira? Don Allah kar ku zage ni, ku faɗa min wanne za ku iya in ku ne.