Ɗacin Lemon da Na Ɗora Miki

Samaru, Zariya,
12 ga Afrilu, 1976.

Zuwa ga Barakatu, sanyin randa a tsakiyar bazara, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta gasa, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, ma'abuciyar kunya da kawaici!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda na san ban cancanci ki amsa ba. Yau kwana tara ke nan rabona da annurin fuskarki. Sau huɗu ina sallama a ƙofar gidan Yaya Dalhatu, sau huɗu ana ce mini kina da aiki. Ban ga laifinki ba. Ni da nake taƙama da balaga da fasahar harshe, yau ga ni na koma roƙo da alƙalami.

Kin tuna Asabar ɗin nan? Ina ma a ce kin manta! Gwaggo Kaltume, wadda ta raine ki, ta taso takanas daga cikin birni a wannan ƙuna, don ta ga mutumin da ake cewa zai turo magabatansa. Abin da ya kamace ni shi ne in durƙusa, in gaishe ta, in sunkuyar da kai. Sai na shigo falon yayanki rungume da injin markaɗe na lantarki da na sayo a kantin PZ, ga ƙanƙara a bokiti, na shelanta cewa yau zan haɗa abin sha na lemon zaƙi da madara irin wanda ba a taɓa ɗanɗanawa a Zazzau ba. Namiji, a gaban surukai, da cokali a hannu! Wane irin ujubu ne ya hau kaina?

Ke kuwa, ya kurciyata mai taushin murya, kika matso kika raɗa mini yadda ba wanda zai ji: in ɓare lemon, in cire 'ya'yan, in bar madarar gwangwani in sa kindirmo, ga maburgi ma idan inji ya ƙi. Me na yi? Na ɗaga murya na ce ni mai digiri ne a kimiyyar noma, sinadaran amfani duk a ɓawo suke, zamanin maburgi kuma ya shuɗe. Na daddatsa lemo, da ɓawo da 'ya'ya da komai, na kwarara madara, na kunna inji.

Abin da ya fito, Barakatu! Madara ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, ruwa a sama, dusa a ƙasa, ɗaci kuwa har maɗaci sai ya sara masa. Gwaggo ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofi, ta dubi rufin ɗaki. Yaya Dalhatu ya ƙirƙiro tari. A wannan daƙiƙa da ake gane namiji, sai na buɗe baki na ce ai Barakatu ce ta zaɓo lemon, da alama ba ta iya zaɓe ba.

Kaicona! Lemon da kika tsaya a rana a kasuwar Sabon Gari kina zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kina auna nauyinsa a tafin hannu, mai santsin fata, mai zaƙi kamar zuma! Shi na yi wa ƙazafi, ke na tozarta a gaban matar da ta koya miki riƙe ludayi. Kika ɗauki kofinki kika shanye tas, ko fuska ba ki yamutsa ba, kika tattara sauran kika shige ciki. Kin rufa mini asiri a daidai lokacin da nake yaye naki. Wace nadama ce za ta wanke wannan? Wane kogi?

Washegari na koma Sabon Gari wurin Madam Clementina, mai firjin da na sayi ƙanƙara a wurinta, na ba ta labari. Ta yi dariya har ta nemi kujera, ta ce digiri ba ya ɓare lemo. Sannan ta koya mini, kuma wallahi tushensa duk abin da kika raɗa mini ne: a ɓare har farar rigar ciki, a tsince 'ya'ya, a sanyaya, a samu kindirmo mai kauri da cokalin zuma, a riƙa zuba ruwan lemon kaɗan-kaɗan ana burgawa, ƙanƙara sai a ƙarshe. Na gwada a ɗakina sau shida. Na shidan ya fito da kauri da laushi, launinsa kamar hantsi. Na kasa sha. Zaƙinsa shaida ne a kaina.

Jiya Lahadi na shiga birni, na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa gaban Gwaggo na faɗi gaskiya ba tare da kalma mai nauyi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana jan carbi. Daga bisani ta ce ita ta san hannun da ta raina, tun ranar ta gane komai. Jira take ta ga ko bakin da ya iya ɗora laifi ya iya sauke shi. Ta ce kada magabatana su taso sai ke kin ce su taso.

To, ya hasken idona, hukunci yana hannunki. Ba na roƙon ki manta. Ranar Laraba da la'asar zan zo. Ki fito ko da bakin labule ne, Yaya Dalhatu yana zaune, in maimaita a gabanki abin da na faɗa wa Gwaggo. Idan kika yafe, ga alkawarina: duk ranar da wani abu ya lalace a gidanmu a idon baƙi, ko miya ce ko magana, kafin kowa ya dube ki, ni zan ce nawa ne.

Naki a bazara da damina, ko kin fito ko ba ki fito ba, har numfashi ya ƙare,

Jafaru.