Ranar da Arzika Ya Ƙi Amsawa

Mai karatu, idan kana cikin masu jin kunyar sunan da tsofaffi suka sa maka ko suka sa wa ɗanka, ka karanta waɗannan wasiƙu har ƙarshe kafin ka sake buɗe baki. Tsakanina ne da yayana Atiku, tela a Argungu. Gwaggo Laure da za ka ji ana ambata ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ban goge ko kalma ɗaya ba, ko da yake akwai wuraren da na so in goge.

Nasarawa, Birnin Kebbi
2 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Fadimatu da yara. Maigidana Malam Kalilu yana gaishe ka.

Na san Gwaggo ta dawo muku tun kafin ranar da ta ɗiba, kuma za ka ji labari daga bakinta. Ina so ka ji daga nawa.

Ka yi haƙuri zan rubuta sunan yaron nan, ɗana na fari, tunda takarda ba baki ba ce. Sunansa na yanka Abdussamadu, bawan Allah wanda kowa ke nufa da buƙata. Suna ne mai asali. Wannan Arzika da kuke kiransa kuwa ban san inda aka tsinto shi ba. Na bi rajistar makarantar da nake koyarwa aji-aji, yara maza sun haura ɗari huɗu, babu Arzika ko ɗaya. Tun bara na hana kiransa a gidana.

Ranar Laraba Gwaggo ta gaji da zaman gida ta biyo mu makaranta lokacin tashi. Ta tsaya bakin ƙofa da gyaɗa ƙulle a bakin zane tana ƙwala kira, "Arzika! Arzika!" Yara suka kwashe da dariya suna kwaikwayonta. Yaron ya sunkuyar da kai ya wuce ta gabanta. Ni kuwa ina tsaye cikin malamai 'yan'uwana. Da muka koma gida na gaya mata gaskiya: yaro yana aji shida, bana zai zauna jarrabawar shiga sakandare, sunan ƙauye ba zai bi shi can ba. Da safe ta ɗaure kayanta.

Ban ga laifina ba. Tarbiyya ba ta yiwuwa idan uwa ta kafa doka baƙo ya zo ya karya. Ka yi mata bayani a hankali.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Sauda

Argungu
6 ga Maris, 1987

Malama Sauda mai rajista,

Wa alaikumussalam. Muna lafiya, sai zafi da ya fara. Fadimatu tana amsawa.

Gwaggo ba ta ba ni labarin komai ba. Ce mini ta yi gadonku na ƙarfe ke sa ta ciwon baya. Sai a takardarki na ji, na kuwa kashe keken ɗinki na zauna.

Kin ƙirga yara ɗari huɗu, sannu da aiki. Zo nan bakin gulbi ki kira Arzika, tsofaffi uku za su waiwayo. Cikin yara ne ya yi ƙaranci, don yanzu kowa sunan littafi yake so. Ba a tsintarsa, ƙanwata. Yaron da uwarsa ta sha wuyar naƙuda har aka fid da rai, sannan Allah ya tashe su, shi ake kira haka.

An ce kada a gaya miki, amma yau zan faɗa. Da kika zo goyon ciki, damina ce, ruwa ya raba mu da asibiti. Kwana uku kina abu ɗaya. Da hantsin na uku yaron ya faɗo, ke kuma kika suma. Bai yi kuka ba, bai motsa ba. Mata suka naɗe shi a ƙyalle. Baba ya ce in ɗauki diga in tafi maƙabarta. Na je na haƙa, ramin bai kai tsawon hannuna ba.

Gwaggo ta warware ƙyallen ta ɗora shi a cinya. Tana kwara masa ruwan randa, tana murza masa baya, tana kaɗa tasa a kunnensa. Baba daga bakin ƙofa yana cewa, "Laure, ki ji tsoron Allah ki miƙo shi." Ta ce, "Ba ni miƙowa. Ku tahi ku ba ni wuri." Na dawo da laka har gwiwa don in ɗauki gawa, tun daga zaure na ji kuka. Ni na koma na mayar da ƙasar a ramin da babu kowa.

Washegari da kika buɗe ido, Gwaggo ta ce, "Uwa ta tashi, ɗa ya tashi, wanga arziki na." Tun kafin ranar suna kowa Arzika yake cewa. Ta kuma hana a ba ki labari, wai kada hankalinki ya tashi nono ya ɗauke. Daga baya kuwa, ke da ko kallonsa ba kya yi gaban mutane don kunyar ɗan fari, wa zai zaunar da ke ya yi miki hirarsa? Ke ma ba ki taɓa tambaya ba.

Bayanin da kika ce in yi mata, ban iya ba. Ke ce mai sakandare.

Ki gaida Malam.
Yayanki, Atiku

Nasarawa, Birnin Kebbi
9 ga Maris, 1987

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

A ofishin malamai Hodi direba ya kawo mini takardarka. Na karanta a tsaye, na kasa shiga aji. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa 'ya'yan mutane wa'azin girmama manya, ina dukan wanda ya wuce malami bai rusuna ba. Ga abin da na yi a gidana.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Da aka raba takardun rajistar jarrabawa, yaron ya cika tasa da fensir, ya rubuta sunayen nan biyu a jere sannan na ubansa. Ni na sa magogi na goge na tsakiya. Yau na je wurin hedimasta in roƙa a mayar, ya ce takardu sun tafi Sakkwato tun ranar Juma'a, ba a sake taɓa su. Haka zai fito a kowace takardar shaida tasa. Wannan ya wuce, kuma hannuna ne.

Na kira yaron na tambaye shi me ya sa ya wuce Gwaggo. Na ɗauka zai ce dariyar yara ce. Ya ce, "Mama, ke kika ce duk ranar da na amsa sai na sha bulala. Kuma kina kallona." Ya ce gyaɗar da ta bari yana nan ya ɓoye ta a jakarsa, ya kasa ci. Yaya, bulalar tana rataye bayan ƙofa, ban san wa ya fi cancanta da ita ba.

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi ma ya sani tun ranar suna, ya zaci na sani. Ashe a cikin gidan nan da can, ni kaɗai ce jahilar.

Ka durƙusa mini gaban Gwaggo. Ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake wurin magogi. Ka roƙe ta ta dawo, za a shimfiɗa mata tabarma idan gado ne ba ta so.

Ƙanwarka mai neman gafara,
Sauda

Argungu
13 ga Maris, 1987

Sauda,

Salamu alaikum. Kowa lafiya.

Na durƙusa, har gwiwata ta yi ƙara Fadimatu tana dariya. Na karanta mata tana gyaran shinkafa a faifai. Da na gama sai ta hau ni da faɗa: "Kai wa ya aike ka ka hwaɗa mata? Bakinka kamar na kekenka, ba shi tsayawa."

Ta ce in gaya miki babu komai a ranta. "Mi Sauda ta yi? Ɗiyata ta, ta yi karatu, ta hi ni sanin abin da ad daidai." Ta ce ba za ta sake kunyata yaro gaban abokansa ba. Tun jiya, in za ta ambace shi, sai ta ce "ɗan Sauda". Na ce Gwaggo, ai an ce ki ci gaba da kiransa yadda kika saba. Ta ce a'a, ta bari.

Zuwa Birnin Kebbi kuwa, ta ce ƙafafunta sun gaji da mota. Ƙarya take yi, jiya ta je Alwasa biki. Da fushi ta yi da na san yadda zan lallashe ta. Wannan ban san kansa ba.

Sai na ji daga gare ki.
Atiku

Nasarawa, Birnin Kebbi
16 ga Maris, 1987

Yaya,

Assalamu alaikum. Kada ka sake roƙonta. Ba ita ya kamata ta shiga mota ba. Muna tafe ranar Asabar da motar Hodi, ni da yaron. Na ba shi labarin ramin da bakina. Zai durƙusa gabanta, ni ina bayansa, ba za mu tashi ba sai ta kira shi Arzika. Idan ta ƙi, mu koma wata Asabar.

Jiya na tara yaran gaban ubansu na gaya musu, kai ma ka sani don ka zama shaida. Daga yau, ƙannensa Zainabu da Maryamu Yaya Arzika za su ce. Duk babban da ya kira ɗan gidan nan, da kowane suna, a gaban ko wane ne, a amsa da ƙarfi a je a rusuna. Kuma babu mai sake goge abin da tsoho ya sa sai ya taka ya je ya tambaye shi dalili. Wanda ya karya zai gamu da ni, kuma dokar a kaina ta fara.

Ka gaida gida.
Sauda