Maɗacin da Baba Ya Dasa

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan wasiƙar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa albarka a aikinki. Mu nan muna nan lafiya. Gwaggo ta warke daga ciwon ƙafar da ya kwantar da ita, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san lafiya ta samu. Baba kuma yana cin abinci, yana barci, sai dai idon nan ya kusa rufewa gaba ɗaya. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Maganarsa ce ma ta sa na zauna rubuta miki, don abin ya fi ƙarfin waya.

Yaya, kin tuna babban lambun itatuwa da furanni da ke bayan gari, wanda Baba ya yi aiki a ciki tun kafin a haife mu? Shekara huɗu ke nan, tun da ya dawo gidana, yana roƙona in kai shi. Kullum ina da abin faɗa: takardun jarrabawa sun taru, mota ba lafiya, rana ta yi zafi, sai an yi hutu. Shi kuwa bai taɓa yin fushi ba, sai ya ce babu komai, lambu ba ya gudu. To, ranar Asabar da ta wuce na kai shi, kuma ba zan ɓoye miki ba, don kaina na je. Na gaji da hayaniyar makaranta, ina son in sha iska, sai na ga gara in tafi da shi in huta da maganar.

Wurin ya fi yadda nake zato girma. A bakin ƙofa suka ba mu keken marasa lafiya, na tura shi a kan hanyar tsakuwa, inuwa ta rufe mu ta ko'ina. Akwai tafki da agwagi, akwai wani ɗakin gilashi mai ɗumi cike da tsirran ƙasashen nesa, kowace bishiya da ɗan allon ƙarfe mai sunanta. Ni ina karanta allo ina tuntuɓe da sunaye, shi kuwa ganye kawai zan miƙa masa, ya murza, ya shinshina, ya faɗi sunan, har da irin ƙasar da take so da yawan ruwan da take sha. Wasu mata da ke zaune a benci suka taso suna ta kawo masa ganye don su gwada shi, yana dariya yana ce musu hancinsa bai yi ritaya ba. Rabon da in ji dariyarsa haka tun rasuwar Inna.

Bayan mun huta a bakin tafkin, sai ya ce in kai shi bayan ɗakin gilashi, inda hanya ta rabu biyu. Ya ce akwai maɗacin da ya dasa da hannunsa a makon da aka haife ki, ya yi shekara uku yana ɗauko masa ruwa a bokiti, kuma shi ne abin da yake son zuwa ya gani duk shekarun nan. Yaya, ban taɓa sani ba, don ban taɓa tambayarsa me ya sa yake son zuwa ba. Muka isa wurin, sai na ga babu bishiya. Kututture ne kawai, mai faɗi kamar tebur, rana na dukansa.

Nan na yi abin da har yau yake cin raina. Na juya keken a hankali na kai shi gindin wani maɗaci da ke can gefe, na ce masa ga shi. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗora tafin hannunsa a jikin itacen, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Sannan ya ce wannan ma itace ne mai kyau, Allah ya yi wa wanda ya dasa shi albarka, amma nasa yana da tabo daidai ƙirji, inda motar ruwa ta taɓa gogarsa. Ya ce in daina wahalar da kaina, tun da muka kawo kwanar ya ji rana a fuskarsa a inda ya san inuwa ce. Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Wani ma'aikaci da ke shara kusa ya gaya mana cewa iskar daminar bara ce ta tsaga maɗacin Baba, dole aka sare. Bara fa, Yaya. Da na kai shi a shekarar farko, da ya gan shi da idonsa. Ko a ta uku ma, da ya rungume shi. Baba ya ce a kai shi wurin kututturen. Ya zauna a kai, yana bin zoben itacen da yatsa yana ƙirgawa, ya ɓace a tsakiya, ya sake farawa. Ya tambayi ma'aikacin ko itacen ya ba da inuwa sosai kafin a sare shi. Mutumin ya ce nan ne mutane suka fi son shimfiɗa tabarma. Baba ya gyaɗa kai ya ce to, ya yi aikinsa. A hanyar gida na roƙe shi gafara ina kuka, ya ce in kula da tuƙi tukuna, gafara tana nan ba ta ƙare ba.

Likita ya ce zuciyarsa ma ta yi rauni, kada mu yi sake. Na san aiki ya riƙe ki, kuma hanya da nisa, amma ina roƙonki ki nemi izini ki zo cikin watan nan, ko na mako guda ne. Ba na son ki ɗauki irin kayan da na ɗauka.

Ki gaida maigidan, da Kawu idan kun haɗu, da 'yan biyu, da takwarata mai surutu. Gwaggo da maigidana suna gaishe ki. Baba ma yana gaisuwa, ya ce in gaya miki a waya muryarki kawai yake ji, shi kuwa so yake ya riƙe hannunki ya ji ko kin rame.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Auta